Robobin ƙafar mota: sabo, na Beljiyam, ko yankan taya?

Malam, ga tambayarka a taƙaice saboda waɗanda ba su gan ta ba. Corolla ce ƙirar 1998, ƙafar gaba ta dama tana ƙwanƙwasa da zarar ka sauka daga kwalta ka hau jar hanya ta wajen ƙauyukan Madarunfa. Makanike ya ce hular amortisa (abin nan mai shanye jijjigar hanya) da silamblok sun gama aiki, ya ajiye maka zaɓi uku: ka sayo sababbi a shago, ko ka nemi na Beljiyam da aka kwance daga wata mota, ko a yanka maka daga tsohuwar tayar babbar mota. Kana son sanin wanne ya fi.

Amsa guda ba za ta ɗauke su duka ba, domin roba iri uku ce a ƙafar nan, kowace da aikinta. Abin da zai yi maka shekara a wuri ɗaya, a wani wurin ko wata biyu ba zai kai ba.

Ta farko ita ce hular amortisa, wadda a gareji ake ce wa kupel. Ita ce kake ganin notunanta uku in ka ɗaga kafo, daidai saman kowace tayar gaba. Faranti biyu ne na ƙarfe da aka narka roba a tsakaninsu tun daga masana'anta, da boris a tsakiya. Nauyin wannan kusurwa ta mota a kanta yake zaune, kuma duk juyin da ka yi wa sitiyari, amortisa da sifirin a kan boris ɗin nan suke juyawa. Na biyu silamblok ɗin tiriyangal, wato hannun ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota ta ƙasa, guda biyu a kowane gefe, ƙarami a gaba, babba a baya. Shi kuma bututun ƙarfe ne a ciki da roba manne a jikinsa. A riƙe wannan da kyau, don a nan gardamar take: silamblok ba ya zamewa a kan bulon yadda ƙyaure ke juyawa. Bututun ciki a ɗaure yake tamau, robar ce ke murɗuwa ta dawo duk lokacin da taya ta hau ta sauka. Ta uku robar sandar stabiliza mai rage kwanciyar mota a kwana, in motarka tana da sandar, robar da ba ta da wani aiki illa ta rungumi ƙarfe ta hana shi bugun jikin mota.

Abin da ke kashe su a nan kowa ya san shi. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da roba ta tsattsage. Rairayi yana shiga boris. Gargada tana murɗa silamblok sau dubbai a tafiya guda, ga lodin ranar kasuwa. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba: baƙin mai da gazuwal suna cin roba, ta kumbura ta yi laushi kamar tuwo. Injin da ke ɗigar da mai a kan tiriyangal zai cinye sabon silamblok komai kyansa, haka ma wanke ƙarƙashin mota da gazuwal.

Kafin a zo maganar saye, a tabbatar wanda ke ƙarar shi ake nema, don abubuwa huɗu ko biyar ne a ƙafar gaba da ƙararsu ke kama da juna. Mota tana ƙasa, ka ɗora tafin hannu a kan sifirin, wani ya juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In sifirin ya bi juyin sumul, boris lafiya yake. In yana maƙalewa sannan ya saki da ƙarfi, ka ji tas-tas a hannunka, boris ɗin hula ya mutu. Alamarsa ta biyu ita ce sitiyarin da ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Sai a ɗaga kafo, mutum ɗaya yana danna kusurwar motar yana saki, kai kana kallon notin tsakiya. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in yana tsalle, ko tsakiyar hular ta turo sama fiye da ta ɗaya gefen, ko ka ga roba ta rabu da ƙarfe a kewaye, ta tafi. Silamblok kuwa sai an ɗaga mota an kafa ta a kan abin tokara, a zura ƙarfen cire taya tsakanin tiriyangal da mazauninsa a ɗan banƙara. Mai rai zai motsa kaɗan ya turo ƙarfen baya. Matacce zai tafi sakaka, kuma za ka ga tsagar da ta ratsa robar. Ƴan ƙananan tsage-tsage na fata kawai ba su isa a canza ba. A hanya, mataccen silamblok na baya yana sa ka ji dum guda lokacin taka birki ko tashi, motar ta riƙa karkata, gefen taya na ciki ya cinye ya bar sauran.

Ƙara mai sauri, ƙwar-ƙwar-ƙwar a kan ƙananan duwatsu, wadda ke ɗaukewa a kan kwalta mai santsi, sau da yawa biyelet ce, ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sandar stabiliza da ƙafa, ko robar stabiliza, su ne kuma mafi araha a duk ƙafar. A kwance biyelet ɗin gefe biyu, a ɗaure sandar da waya don kada ta taɓa komai, a zaga unguwa a hankali. In ƙarar ta ɓace, an gano ɓarawon. A kuma girgiza tayar, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan dama da hagu, don a fitar da rotil, gaɓar da ke haɗa tiriyangal da mazaunin taya, da boris ɗin taya daga zargi. Masu tsohuwar Golf su lura: tasu hular ba a ɗaure take da notuna uku ba, nauyin mota ne ke danne ta, saboda haka in taya tana rataye za a ga amortisa tana lilo, kuma haka aka ƙera ta. An sha sa mutane sayen abin da bai lalace ba saboda wannan.

To, mu jera su a kan hular amortisa, inda kuɗin ya fi yawa.

Yankan taya a nan ba ya cikin lissafi. Abin da ake yi shi ne a cusa guntun taya a cike gurbin da roba ta bari, ƙarar ta yi shiru na ɗan lokaci. Boris ɗin da ya mutu yana nan yadda yake, robar da aka cusa ba ta manne da komai ba, kuma saman amortisa ba ya zama daidai tsakiya, tsayuwar taya ta karkace. Gyaran gangar Abzinawa ke nan: an kashe ƙara, an ɗora wa taya da amortisa kuɗin.

Na Beljiyam yana da abin da ake so a jikinsa. Yawanci na asali ne da ya fito tare da mota, ƙarfensa mai kauri, ramukansa suna faɗawa daidai ba sai an fafe ba. Matsalarsa shekaru. Wannan samfurin na Corolla an daina ƙera shi tun farkon shekarun 2000, tsohuwar Starlet kuwa tun 1999. Ke nan hular da aka kwance daga irin waɗannan motoci, in ba wani ya canza ta a hanya ba, ta haura shekara ashirin. Roba tana tsufa ko a ajiye take. Wadda ta saba da sanyin Turai, ta zo ta sha zafin bazara guda a Maradi, sai ta nuna ainihin shekarunta. Ga kuma gishirin da ake watsawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfe ta ƙarƙashin roba inda ido ba ya kai. Masu sayarwa sun iya wanki, su shafa mai ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, wannan man kuwa shi kansa guba ne gare ta. Wanda ya ga dole sai na Beljiyam, ya goge ta da tsumma ta bushe, ya danna farce a robar: in ta lotsa ta dawo, da sauran rai, in ta yi tauri kamar ƙaho ko tana barin baƙi a yatsa, a bar ta. Ya juya boris da yatsa kusa da kunne, kada ya ji yashi. Ya zura ƙarfe a ramin tsakiya ya lanƙwasa gefe da gefe yana duban inda roba ta haɗu da faranti.

Sabuwa kuwa iri biyu ce, a nan ake yaudarar mutane. Akwai ta kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su KYB, Monroe, Sachs da SNR, akwai kuma marar suna da jabun da ake sakawa a kwali mai kyau. Sabuwa ta kirki ta fi ta Beljiyam nesa ba kusa ba, don robarta ɗanya ce, boris ɗinta bai taɓa aiki ba. Sabuwa ta banza kuwa ta Beljiyam mai rai ta fi ta. Ana gane ta a hannu. A riƙe tsohuwar da aka cire a hannu ɗaya, sabuwar a ɗaya: in sabuwar ta fi sauƙi sosai, farantinta siriri ne. A dubi bakin robar, ta kirki tana fita tsaf, ta banza tana da tsiro da ƙananan ramuka kamar soso, wani lokaci da warin ƙonanniyar taya. A dubi kusoshin nan uku, a ga ko zarensu ya fita sosai kuma ba sa motsi a mazauninsu. Boris ɗin da ke kaɗawa tun yana sabo ba zai gyaru a kan mota ba. Kuma a je shago da tsohuwar a hannu, ko da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke kan takardar mota, don Corolla da Corolla suna kama a ido su bambanta a tazarar kusoshi.

Hukuncinmu a kan hula: sabuwa mai suna, a canza dama da hagu tare. In aka canza ɗaya, gefen zai ɗan fi ɗaya tsayi, kuma wadda aka bari shekarunsu ɗaya da wadda ta mutu, ba za ta daɗe ba ita ma. In kuɗin bai kai ba, to ta Beljiyam da aka gwada kamar yadda aka faɗa, da sanin cewa aro ne.

A maganar hula, wuri guda da na Beljiyam ke da hujja mai ƙarfi shi ne in amortisar kanta ta mutu, sifirin ya zauna, hula ta fashe, duk a lokaci guda. Ƙafa sukutum da aka kwance a haɗe tana shiga cikin ɗan lokaci, ba sai an matse sifirin ba, kuɗinta kuma bai kai na sayen kowanne sabo ba. Sai dai a duba mazaunin sifirin na ƙasa ko tsatsa ta ci shi, a duba sandar amortisar ko tana da danshin mai. Masu ƙera amortisa irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar canji a wajen kilomita 80,000, ƙafar da ta zo daga Turai kuwa ba wanda zai gaya maka nawa ta ci.

A silamblok ɗin tiriyangal lissafin ya ɗan sauya. A nan ne yankan taya ya fi kasuwa, kuma gaskiya masu yankan suna da hannu, za su fitar maka da shi ya shiga ramin dam. Amma ka tuna yadda silamblok ke aiki. Na masana'anta manne yake, yana murɗuwa. Na taya cusa shi aka yi, saboda haka bututun ciki yana juyawa a cikinsa yana gogar sa, rairayi ya shiga tsakani ya zama kamar magagari. Ramin ya faɗaɗa, ya koma kamar ƙwai, tiriyangal ya fara tafiya gaba da baya. Taya kuma da zare a cikinta hawa-hawa, an yi ta ne don ta jure gogar hanya, in ana murɗa ta sai hawan su rabu. Sannan babban silamblok na motoci da yawa yana da ramuka da aka bari da gangan, don ya yi laushi ta fuska ɗaya ya yi tauri ta ɗaya. Na taya toshe yake ko'ina, dukan rami yana wucewa kai tsaye zuwa rotil da jikin mota. Wanda ya lalace a Dakoro ko Mayahi yana neman abin da zai kawo shi gida, ya sa abinsa, ba laifi. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Tsakanin sabon silamblok da tiriyangal na Beljiyam sukutum, abin dubawa shi ne ƙarfen da ke motarka. In tiriyangal ɗinka na asali ne, bai lanƙwashe ba, ramin bai buɗe ba, sabon silamblok mai kyau a matsa shi ciki ya fi komai. In an taɓa dukansa da guduma har ramin ya faɗaɗa, ko an sha cusa masa taya, sabon ba zai kama ba, zai riƙa zamewa. A nan sai a sayi tiriyangal na Beljiyam saboda ƙarfensa, a duba robarsa, in ta tsufa a fitar a matsa sabuwa. Wannan haɗin, ƙarfen asali da ɗanyar roba, ya fi sabon tiriyangal marar suna wanda ƙarfensa ke lanƙwashewa a ramin farko.

Robar stabiliza ba ta buƙatar dogon zance. Ba ta ɗauke da nauyi, ba manne take ba tun asali, in ta mutu ƙara kawai za ta yi. Yankan taya yana aiki a nan. Sabuwar ma ba ta da tsada, sai dai a auna kaurin sandar, don in ramin ya fi ta da milimita guda ƙarar ba za ta daina ba. Ta Beljiyam ɓata kuɗi ce.

Saura ɗauri, wanda ke kashe kaya masu kyau fiye da yadda hanya ke kashe su.

Wajen canza hula, ana cire ƙafar ne gaba ɗaya: a kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS in akwai, a cire manyan bulon biyu na ƙasa, sannan notuna uku na sama, wani yana riƙe da ƙafar kada ta faɗo ta ja tiyo ko ta yaga robar kardan, sandar da ke juya taya. Notin tsakiya ba a cire shi sai an matse sifirin da abin matsewa guda biyu, ɗaya daura da ɗaya, ana ɗaure su bi da bi har sifirin ya saki mazauninsa. Ɗaure sifirin da igiya ko waya, ko a sa yaron gareji ya taka shi, ganganci ne da rai. Ƙarfin da ke cikinsa shi ke ɗauke da kusurwar mota, in ya kuɓuce ba ya zaɓen inda zai sauka. Kada a kama sandar amortisa mai sheƙi da filaya don hana ta juyawa. Ƙarzuwa guda ta isa ta yanka robar da ke tsare mai, bayan ƴan makonni amortisa ta fara zuba, a ce ai dama ba ta da kyau. Tunda an buɗe, a canza rigar ƙura da ɗan kututturen robar da ke kan sanda mai hana amortisa dukan ƙarshe, don rashinsa na daga cikin abin da ke fasa hula tun farko. Wajen mayarwa, ƙarshen sifirin ya zauna cikin gurbinsa na ƙasa, farantin sama kuma a Corolla yana da alamar OUT da ke kallon waje. A sa sabon notin tsakiya mai kulle kansa. Awon ɗauri a wannan motar bai kai yadda ake zato ba: notuna ukun sama 39 Nm, na tsakiya 47 Nm, na taya 103 Nm. Masu ƙara bututu a kan sifana su ja da ƙarfinsu duka su ne ke tsinke kusoshin hula. Manyan bulon biyu na ƙasa su ne masu son ɗauri mai tsanani. Daga ƙarshe a cika boris da giris ta sama, a mayar da ɗan murfin roba da ke rufe notin tsakiya. Murfin nan da ake yarwa a ƙasan gareji shi ne kaɗai ke tsakanin boris da ƙurar hunturu.

Silamblok da na'urar matsi ake shigar da shi, ko da dogon bulon da zobba a ja shi a hankali, ana tura zoben waje kawai. Duka da guduma a kan bututun ciki yana raba roba da ƙarfe tun kafin mota ta taka ƙasa. Kafin a fitar da tsohon a yi alama a jikin tiriyangal inda ramukansa ke kallo, sabon ya zauna haka. In ana son santsi a sa ruwan sabulu, ban da giris, ban da baƙin mai. Masu ƙona tsohon da wuta don ya fita da sauri su san cewa zafi mai yawa yana rage ƙarfin tiriyangal.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaure bulon silamblok mota tana sama, taya a rataye. In aka yi haka, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun motar tana tsaye, kowane rami kuma ƙari ne a kan wannan murɗin, sai ta yage cikin ƴan watanni a zagi mai shago. A sa bulon ɗin sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta, a danna ta sau biyu ko uku ta zauna, sannan a shiga ƙarƙashi a ramin gareji a ɗaure. In babu rami, a sa jak ƙarƙashin tiriyangal a ɗaga har nauyin motar ya hau kansa. Ka tsaya a wurin ka ga an yi wannan da idonka.

Bayan an gama a kai ta saitin tayoyi, abin da ake kira paralelis, domin cire manyan bulon biyun nan da canza silamblok duk suna gusar da tsayuwar taya, kuma tafiya ɗaya zuwa Zinder da dawowa ta isa ta fara cin gefen taya in saitin ya kauce. In akwai ɗigon mai daga inji ko daga tiyon sitiyari a saman tiriyangal ɗin dama, a toshe shi a rana guda da canjin. Bayan mako guda ana hawa, a koma a sake bin notunan sama da bulon ɗin ƙasa da sifana.